Ranar da wanzami ya mayar da askarsa zabira

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na san na ɓace muku. Masu tambaya ko na bar ɗinki ne, ban bari ba, kekena yana nan a unguwarmu ta Badariya. Bakina ne ya yi nauyi. Yau zan ba ku labarin Ummi.

Ummi 'yata ce ta fari. Sunan surukata ta ci, Hajiyar Argungu, shi ya sa muke sakaya sunan.

Ta shekara biyu ba ta ce Inna ba. Ka kira ta har muryarka ta dushe, ko waiwaye. Amma maƙwabta su tayar da injin markaɗe, sai ta toshe kunnuwa tana kuka. Wuni take tana jera min zare kala-kala a bakin tabarma, kuma kaiton wanda ya taɓa.

An yi rubutu, an yi addu'a. An gwada kunne, aka ce lafiya lau. Aka tura mu Sakkwato. Layin kati tun asuba, kuɗin mota, kuɗin gwaji, har sai da adashena ya tafi. A ƙarshe likita ya ce otizim ne, wato yanayin da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane.

Na ce, "Maganin fa?" Ya ce ba ciwon da ake sha wa magani ba ne, haka Allah Ya yi ƙwaƙwalwarta.

Na ji tsoro. Abinci ya daina shiga, kai ya riƙa sarawa. Aka auna ni, hawan jini. Ni da na kai jinya, ni aka rubuta wa ƙwayoyi.

Daga nan aka haɗa mu da Anti Rashida, mai koya wa yara hanyar magana. 'Yar Yarabawan unguwar Nassarawa ce, amma Hausarta ta fi tawa Kabanci. Na zaci za ta riƙe haɓar Ummi ta ce, "Ce a." Sai na ga baiwar Allah ta zauna a ƙasa tana taya ta jera zare. Raina ya ɓaci. Na ce ni gyara na kawo.

Ta yi dariya. "Maman Ummi, ɗiyakki ba keken ɗinki ba ta da za a kwance a gyara. Tana magana. In ta ja hannunki zuwa randa, mi tac ce?"

Na ce ruwa.

"To, ashe kin jiya."

Ta sa muka ɗauki hotunan abubuwan gida a waya, aka wanko su, aka zura a zobe: kofi, masa, bayi, ni, babanta, Hajiya. Ba dole sai ta kalli idon mutum ba. Ba a hana ta kaɗa hannuwa in ta ji daɗi. A hankali Ummi ta fara miƙo hoton abin da take so, kukan ya ragu.

Ana cikin haka Hajiya ta kira. Abin da ke cin ranta, takwararta ba ta taɓa gaishe ta ba.

"Linzami na. Halshenta a ɗamre shi ke. Ku kawo ta ran Jumu'a wanzami shi yanke, ku bar wasa da hotuna."

Likita ya riga ya duba, harshen Ummi sake yake. Yarinyar da ke lashe zuma har haɓa! Na faɗa wa babanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙaƙa zan ce ma Hajiya a'a?" Ban ga laifinsa ba. Ita ma ba mugunta ba ce, abin da ta sani ke nan.

Muka kama hanyar Argungu. Na sha ƙwayata, na ƙudura a raina zan durƙusa in roƙi Hajiya, ko da za a ce ba ni da kunya.

Mun tarar da wanzami a tsakar gida, ya buɗe zabira. Ummi ba ta son baƙo. Ta toshe kunne. Na durƙusa, na buɗe baki, amma Ummi ta riga ni.

Ta laluba zoben nan. Ta wuce hotona, ta wuce na babanta. Ta je ta danna wa Hajiya nata hoton a tafin hannu, ta zagaya bayanta ta riƙe zaninta gam.

Hajiya ta dubi hoton, ta dube ni. "Mi tac ce?"

Na ce, "Ke ta kira, Hajiya. Ceto take nema."

 Sai tsohuwa ta juya ga wanzami. "Maida askakka, ga tukuicinka. Takwarata ta yi magana, ni kau na jiya."

Na yi kuka a gaban surukata, ban ji kunya ba.

Yau jinina ya sauka, alhamdulillahi. Ummi tana da 'yan kalmomi, sauran da hoto. Ba ta warke ba, don dama ba ciwo take ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Anti Rashida da Hajiya, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Iyaye, in yaro ya yi jinkirin magana, a gwada kunne tukuna, a ga likita kafin aska ta taɓa shi. Ku nemi mai koyarwar da ba ta tilasta yaro. Ku sa kakanni a ciki, kada a ɓoye musu. Ke ma uwa, a auna jininki.

Hajiya ta aiko a sake mata hoto, wai a wancan ba ta ɗaura ɗankwalin kirki ba. Har yau Ummi ba ta ce Inna ba. Amma kullum da safe nawa hoton take fara miƙo min, ni kuma in amsa, "Na'am."