Garwashi na Uku

Layinmu a Tudun Wada yana bayan tasha ne, kuma idan ban manta ba gidaje tara ne ko goma, duk manne da juna. Akwai mai faci a bakin layi, akwai injin niƙa, sauran kuwa direbobi ne da masu dako a kasuwar hatsi. Ba kowa ne ya iya kewaye gidansa da katanga ba. Inda ƙasa ta ƙare sai zana ta ɗauka. Shi ya sa babu abin da ake tsoro a layin kamar gobara.

Akwai ashana a lokacin, amma ba kullum ake samunta a gidanmu ba. Idan wutarmu ta mutu, ɗebowa ake yi a gidan Iya mai daddawa, wadda murhunta ba ya hucewa saboda dahuwar kalwa. Da tsingaro ake zuwa, wato ɓallin fasasshiyar tukunya. Sai ta zuba toka a ƙasa, ta ɗora garwashi uku. Uku take bayarwa kullum, ban san dalili ba.

Ina jin shekarata takwas ranar da Umma ta aike ni da hantsi. Na nemi tsingaron ban gani ba, ko kuma, in faɗi gaskiya, ban nema sosai ba. Sai na ɗauki murfin gwangwanin madara.

Iya ta juya shi a hannunta. "Ke 'yar nan, wannan ai ƙarfe ne. Uwarki ta gani?"

"Ta gani," na ce. Ba ta gani ba.

Daidai gidan Baba mai raguna zafin ya ratsa tokar ya kama mini babban yatsa. Hannuna ya karkace, garwashi ɗaya ya faɗi, ya gangara ta ƙarƙashin zana. A bayan zanar nan Baba yake jibge harawar da yake ciyar da ragunansa duk rani, dami kan dami har sun fi zanar tsayi. Na durƙusa na leƙa, ban ga komai ba. Na tashi na tafi gida.

"Yau biyu ta ba ki?" in ji Umma.

"I."

"Tsufa ya fara kama Iya," ta ce tana hura wuta.

Ban iya cin komai ba. Duk bayan ɗan lokaci sai na fita ƙofar gida na kalli saman gidan Baba. Hayaƙi kuwa ko'ina akwai shi, kowane gida ana girki, na kasa gane wanne ne nawa. Na riƙa lissafa gidajen da ke jere bayan nasa: na mai inji, na wani direba da matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, sannan namu. Na ce a raina wataƙila garwashin ya mutu. Sai kuma na tuna yadda Umma take binne garwashi a toka ya wuni da ransa.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci, na cika buta na je na tsiyaya ta ƙarƙashin zanar. Na koma na sake cikowa. Ina kan ta huɗu, ko ta biyar, na ji murya a kaina.

"Ke! Harawar tawa kike wa ban ruwa? So kike ta tsiro ko ta ruɓe?"

Baba ne, da carbi a hannu. Dariya ma yake shirin yi. Ni kuwa sai na nuna masa yatsan da ya ƙone ya tashi.

"Wuta," na ce. "Tun ɗazu da safe."

Fuskarsa ta sauya. Ya daka wa zanar ƙafa ta kwanta, ya ƙwala kira: "Jama'a, ku kawo hannu!" Masu dawowa daga masallaci suka rugo, mata suka riƙa miƙo bokitai ta kan katanga. Aka shiga janye damman ɗaya bayan ɗaya ana jefawa tsakiyar layi, ragunan suna ta kuka suna fizgar igiya. Ina tsaye, rabin zuciyata na roƙon kada a ga komai, rabi kuma na tsoron a ce na tayar da layi a banza.

Da aka ɗaga na ƙasa, sai wani farin hayaƙi ya taso. Wajen ya yi baƙi ƙirin, faɗinsa kamar faifai, gefensa yana ja. Iska na taɓa shi ya kama. Bokiti uku suka kashe shi. Ruwan butata ko kusa da wurin bai je ba.

"Da an kai la'asar, da sai dai mu kwana a tasha," in ji mai faci.

Umma ta iso ba mayafin kirki, ta kama kunnena. Baba ya ce, "Sake ta. Ta dai faɗa."

"Ba ta faɗa ba, Baba," in ji Umma. "Kama ta ka yi."

Ita ce mai gaskiya, kuma har yau da na gama jami'a ban tabbatar da cewa zan faɗa ba, da bai same ni da butar ba. Na sha tambayar kaina, amsar ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Dami shida suka lalace. Ba a hana ni ɗebo wuta ba, sai dai daga ranar Iya takan ƙirga da ƙarfi yadda na waje zai ji, Umma kuma ta sake ƙirgawa kafin na ajiye tsingaron.