Kot ɗin Mudira a Hannun Kakata

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata a Jidda, ba zan manta ranar bikin tarihin makarantarmu ba. Ƙaramar makarantar 'yan mata ce da ake koyarwa da Turanci, wata Baturiyar Ingila ce shugabarta, muna kiranta Mudira. A shekarar ta shirya a nuna wa iyaye irin kayan makarantar da aka sa tun farkon kafa ta, kowace ɗaliba da nata zamanin. Ni aka ba mafi tsufa, wani koren kot na ulu da 'yar malfa, kuma ni zan fara fitowa. Mudira da kanta ta miƙo mini shi da hannu biyu, ta ce in kula, babu irinsa kuma. Ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba don fahari.

Da na isa gidanmu a unguwar Bani Malik sai na rataye shi a ɗakin kakata, na tafi wasa. Ita kuwa Kaka, a wurinta babban abin kunya ne mutum ya shiga taro da kayan da ba su sha wanki ba. Ta sansana kot, ta ji warin kafur, shi ke nan ta yanke masa hukunci. Ta tafasa ruwa, ta jiƙa shi, ta cuɗe shi da ƙarfinta duka, ta ba shi sitaci, ta shanya a ranar Jidda. Da ya bushe ta turara shi a kasko.

Na dawo na tarar da kot ya tsuke ya koma na 'yar goye, ga shi a sandare kamar busasshiyar fata.

"Kaka, kin kashe ni! Korata za a yi!"

"Ke tafi can, marar godiya. Da dattin Turawa za ki shiga mutane? Yalla, gwada in gani."

Ran biki na cusa kaina ciki da ƙyar, na lulluɓe da abaya. A bakin ƙofa kowa ta cire tata, ni na ƙanƙame tawa har sai da aka kira ni. Mudira na karanta tarihi cikin natsuwa, ba ta ɗago ba, na fito hannuwa a buɗe don ba sa sauka, hannun kot iya gwiwar hannuna. Na ja numfashi, maɓalli ya tsinke ya yi tsalle ya faɗa cikin iyaye. Zaure ya kece da dariya. Kaka ta ɗauka yabo ne, ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

Bayan taro aka kira mu ofis ni da Kaka, ni ce tafinta.

"Faɗa mata halas, shi ke nan, ba sai ta gode ba," in ji Kaka. "Wani karon ta aiko da sauran."

Ban fassara ba, ban ma san ta inda zan fara ba. Mudira ta karɓi kot ta ɗora a cinya tana shafawa. Can ta ce a hankali, na marigayiya mahaifiyarta ne, wadda ta kafa makarantar, da shi ta yi karatu tana yarinya a ƙasarsu, kuma irinsa aka ɗinka wa ɗaliban farko. Sai hawaye.

Wannan kam Kaka ba ta jira tafinta ba. Ta dube ni, na ce na uwarta ne, ta rasu. Kaka ta nemi kujera ta zauna.

"Ashe kayan uwa ne," ta ce. "Ni ma zanen Innata na nan ƙasan akwati, wanda ta ƙetaro teku da shi. Ban taɓa bari ruwa ya taɓa shi ba, ƙamshinta nake tsoron ya fita. Ce mata ta yafe mini, don Allah."

Na fassara ina kuka. Mudira ta kama hannunta, suka zauna haka, ba Hausa ba Turanci.

Ba a kore ni ba, ko da yake har na gama makarantar ana tsokanata da maɓalli. Amma tun ranar na koyi cewa ba kowane tsohon abu ne ke neman gyara ba. Kafin in sa hannu a kayan wani, sai na tambayi na wa ne.