Minsharin Nasiru

Shekara tara ke nan, in an lissafa da watan azumi, da rasuwar ƙanena Nasiru. Har yau in na yi mafarkinsa ba ya magana. Yana tsaye ne a layin karɓar magani na bakin asibitin garin Manassas, a nan ƙasar Turawa, da sassafe, hannu cikin aljihun rigar sanyi, haɓarsa a ƙirji, layin yana ta tafiya shi kuma ba ya kaiwa ƙofa. In na kira shi sai ya waiwayo ya yi mini dariyar nan tasa mai wushirya, kamar na kama shi yana satar ƙosai.

Aikin ɗaukar kayan masu ƙaura yake yi, har ranar da firji ya zame masa a matakala ya taɓa bayansa. Likita ya rubuta masa ƙwayoyin kashe ciwo. Bayan ya warke, ƙwayoyin suka ƙi sakinsa. Da ƙyar matarsa Rabi ta kai shi inda ake ba da metadon, wani ruwan magani da ake sha kullum don a raba mutum da ƙwaya. Shi ma kansa maganin yana kama jiki, kuma in ya yi yawa yana rage numfashi. Wannan ban san shi ba sai daga baya, don ban taɓa tambaya ba.

A gida "maganin baya" muke ce masa. Ni na raɗa masa wannan suna, ni babbar yaya mai tsaron mutuncin gida. In mutanenmu mazauna garin Gaithersburg suka tambayi jikinsa sai in ce da sauƙi, in kawo wani zance. Hausawa sun ce mai ɓoye ciwo, ciwo zai ɓoye shi. Na san karin maganar sarai, ina ma jefa wa wasu ita.

Shekara biyu bai yi azumi ba, don da safe ake ba su maganin a gaban ma'aikaciya. A ta uku ma'aikatan asibitin sun yarda da shi har suna ba shi kwalaben mako guda ya tafi da su gida. Sai na same shi a filin bayan gidansu yana ba yakuwarsa ruwa, wadda ya shuka a bokitan fenti.

"Bana kam ba ka da hujja," na ce. "Mutane sun fara magana."

"Yaya, jikina ya saba da safe."

"To ka sha bayan shan ruwa mana. Magani ai magani ne."

Bai musa ba. Nasiru bai taɓa musa mini ba tun yana rarrafe. Bai kuma gaya wa asibiti ba, don yana jin nauyin zaunar da baturiya ya yi mata bayanin azumi. Rabi ce ta gano daga baya, da ta ga kwalabe sun ƙare kafin mako, cewa yana sha da magariba, sannan ya ƙara da sahur don tsoron ciwon yini.

Ranar Asabar ce, na je taya Rabi yin alkaki. Da hantsi yana kwance a kujerar falo, rana ta shigo ta taga ta kwanta masa a ƙafa. Minshari yake yi mai nauyi, ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Rabi ta goge hannu za ta tashe shi.

"Ƙyale shi," na ce. "Barcin mai azumi ibada ne."

Har dariya muka yi masa. Da aka kira azahar a wayata sai muka lura falon ya yi shiru.

Wani lokaci ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu akwai wani ɗan maganin fesawa a hanci da ke farfaɗo da wanda irin wannan barci ya ɗauka, ana samunsa a kantin magani. Ina da guda a jakata, kusa da carbi. Na kuma ji malami ya faɗa a fili cewa mai irin wannan jinya ya sha maganinsa a kan lokaci, ya rama ko ya ciyar. Na tabbata Nasiru zai karkata kai ya ce, "Yaya, ke ce yau kike yawo da maganin 'yan ƙwaya?" Zai yi ta tsokanata har a sha ruwa. Ina kewar wannan tsokana fiye da yadda zan iya rubutawa.

Me ya rage nasa? Yakuwar tana nan. Rabi na tara irin duk kaka, bokitan sun koma bakwai, har maƙwabtansu 'yan Ghana suna zuwa tsinka. Akwai kuma 'yarsa Hafsat, mai wushiryarsa, wadda ke jin Hausa ta amsa da Turanci. Shekarunta sha shida, kuma duk tsawon nan ciwon zuciya muka ce mata ya kashe shi.

Makon jiya muna tsinkar yakuwa ta ce an koya musu a makaranta yadda ake gane wanda magani ya yi wa yawa. Wai alamar farko minshari ne. Ta ɗago ta dube ni, ta tambaya da 'yar Hausarta, "Gwaggo, Baba yana minshari?"

Na ajiye kwanon, na kife wani bokiti da babu komai a ciki na zauna, na ce ta zauna ita ma. Na fara da sunan maganin na gaskiya.