Nasidi da Tsohon Japan

Nasidi ɗan gidan maƙera ne a Kano, kuma tun da na san shi a kasuwar Souq Waqif, a nan ƙasar waje, ban ga ya yarda da kowa ba. Ni dako nake yi, kullum ina tura baro ta gaban rumfar da yake ƙera wuƙaƙe baƙi suna kallo suna ɗaukar hoto. Hoto bai dame shi ba. Abin da yake tsaro guda ne: launin da ƙarfe ke yi kafin a tsoma shi a ruwa. Mahaifinsa ne ya nuna masa, ya ce kada ya bari bare ya ɗauka. 'Ya'yansa kuwa babu mai son ƙira, sun ce hayaƙi.

Ana nan sai Sauda, 'yar Kumasi mai zagayawa da masu yawon buɗe ido, ta kawo wani tsoho ɗan Japan. Ta ce maƙerin takubba ne a ƙasarsu, ya zo baje kolin sana'o'in hannu. Sauran baƙi suka wuce shan shayi, shi ya tsuguna. Washegari ma ya dawo. Ba hoto, ba ciniki, wuta kawai yake kallo.

Nasidi ya ce mini, "Usaini, ruwa ba ya tsami banza. Wanda bai ɗauki hoto ba, da ido yake sata."

Na ce wallahi ni ma tsohon bai kwanta mini ba.

Daga ranar, in tsohon na wurin, Nasidi sai ya tsoma ƙarfe tun bai nuna ba, ko ya bari ya wuce. Wuƙaƙe suka riƙa tsagewa, wasu ko albasa ba sa yankawa. Ransa na ƙuna, amma ya ce gara asarar ƙarfe da asarar gado.

Da aka rufe baje kolin, Sauda ta zo ita kaɗai.

"Baba Nasidi, tsohon ya tafi. Ya ce in gaishe ka."

"Allah raka taki gona. Me ya samu?"

"Ba nema ya zo yi ba. Shi ma ba shi da magaji, ɗansa ya ƙi ƙira. Ya ce ranar farko da ya ga riƙon gudumarka, ya ɗauka ya samu wanda zai bar wa abin da ya sani. Amma ya zauna ya duba, ya ga ba ka san launin ƙarfe ba."

Ni dai har yau ina zargin daɗin baki ne na wanda ya zo sata bai samu ba, kuma na faɗa wa Nasidi haka. Ya zuga wuta, ya ɗaga ƙarfe daidai launin da mahaifinsa ya nuna masa, ya waiwaya inda tsohon ke tsugunawa. Ba kowa a wurin sai ni da barona.