Garwashin Rehti

Duk ƙauyen an san Rehti da abu biyu: yatsun hannunta na dama da ba sa miƙewa, da kangiri, ɗan kaskon garwashi mai rigar saƙar kwando da take rungume da shi a ƙarƙashin burmemiyar rigarta. Tun tana yarinya zafinsa ya zana mata taswira a fatar ciki.

Ita ba ta ƙona itace. Idan kaka ta yi, bishiyar cinar ta ƙofar gida ta zubar da jan ganyenta, sai ta share, ta tara, ta cinna wuta, ta yayyafa ruwa kafin ya zama toka. Wannan gawayin ganye shi ne ran mijinta Subhan, wanda ƙafafunsa suka mutu tun da ya faɗo daga rufin masallaci. Ɗaki ɗaya suke kwana, taga a liƙe da takarda, bargo a bakin ƙofa. Kaskonsa na hucewa, leɓunansa sai su yi shuɗi.

Wata safiya, a tsakiyar hunturu, ta fito ta tarar da Nabir, ƙanin mijinta, yana jan buhunan gawayinta a kan dusar ƙanƙara.

"Kai, Nabir! Ina za ka da su?"

"Gidana, matar yaya. Bishiyar ubana ce."

"Da nake shara bayanka ciwo yake? Ajiye, ɓarawon toka!"

"Ki rungumi gurgun naki, ai ke ma wuta ce."

Ta riƙe bakin buhu. Ya kwaɗa mata mari, ya ƙara da ƙafa a haƙarƙari. Ta faɗi, haƙori ya fita, jini ya ɗiga a kan farar ƙanƙara kamar furen rumman. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, kowa hannu cikin riga, ba mai motsi.

Rehti ta miƙe a hankali. Hannunta ya shiga riga, ya fito da kangiri. Ta wulwula shi sau ɗaya, ta sauke masa a fuska.

Kasko ya tarwatse. Gemun Nabir ya kama, garwashi ya gangara masa cikin wuya. Ya kurma ihu, ya zube yana birgima, yana cusa kai cikin ƙanƙara kamar jakin da ƙudan zuma suka rufe.

"Wayyo, ta kashe ni! Mayya!"

"Ba wuta ka zo nema ba? Ga ta nan, ɗan uwa, har da gyara."

Sai ta ji garwashin yana tsuwa, yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da shi za ta tayar da kaskon Subhan, kuma ta rantse ba za ta roƙi wuta wurin masu kallo ba. Ta durƙusa, ta damƙi wanda ya rage da rai da hannun dama, ta ruga ciki, warin naman hannunta yana biye da ita.

Subhan ya dubi bakinta, ya dubi hannun.

"Wa kika gasa mana?"

"Ƙaninka. Ɗaga bargonka in sa maka a kasko."

Subhan ya ga bazarar shekarar, da wasu bayanta. Gemun Nabir bai sake tsirowa ta hagu ba. Rehti kuwa, duk kaka, da hagu take riƙe tsintsiya.