Awa Guda da Ta Shiga Tsakaninmu

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Madina, kuma galibinsu sun shafe a raina. Amma abin da ya faru tsakanina da abokin zamana, a kan awa guda ta agogon wata ƙasa da ban taɓa takawa ba, ba na jin zan manta da shi ko da tsufa ya kama ni.

Ni Bahaushen Sudan ne. A lokacin ina aiki a wani gidan abinci a unguwar Sultana, dawam ɗina, wato lokacin aikina, yana farawa daga isha. Ɗaki guda da ɗan falo muke haya a hawa na biyu, ni da wani tela ɗan Chadi wanda ya girme ni sosai. Yaya nake ce masa. Mun yi shekaru muna sa hannu a faranti ɗaya. Mutum ne marar magana, in ka yi masa tambaya sai ya gama taunar abin da ke bakinsa kafin ya amsa. Kafin ya zo Saudiyya ya koyar da Alƙur'ani a garinsu, kuma ko ba a faɗa mini ba na san ya fi ni iya karatu nesa ba kusa ba.

Wata rana wani Bakano mazaunin Ingila ya zo umara, ya shigo cin abinci wurinmu. Da ya ji ina Hausa sai hira ta yi tsawo. Ya ce yana da 'ya'ya mata biyu, yana neman wanda zai riƙa biya musu karatu ta waya, ya kuma riƙa yi musu Hausa don kada ta kuɓuce musu. Kafin ya koma ya bar mini kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan. Muka tsayar da lokaci: huɗu da rabi nasu, bayan sun dawo makaranta, wanda ya faɗo mini tsakanin magariba da isha. Sai in gama da su, in bar kwamfutar a kan tebur, in wuce masallacin da ke kusa da wurin aiki.

Ba zan ɓoye ba, karatun nan ya shiga raina. Duk yini ni mai ɗaukar faranti ne, amma a wannan ɗan lokacin ana ce mini Malam. Ƙaramar tana kiran "ƙaf" kamar "kaf", ina gyara mata tana dariya. Har na fara tunanin in na samu ɗalibai kaɗan irinsu, zan bar aikin gidan abinci.

Da zafi ya fara sauka, wata Litinin na zauna gaban kwamfuta bayan magariba, kira bai zo ba. Na jira har aka kusa kiran isha, na tashi na tafi. Ban damu ba, na ce wataƙila wata hidima ta taso musu. Laraba ma haka. Sai na aika wa mahaifinsu saƙo. Kunya ta hana ni cewa na jira ba su zo ba, kada ya zama kamar ina tuhumarsa, don haka na ce kawai, "Alhaji, ya yara? Lafiya dai ko?"

Ina tsakiyar aiki amsarsa ta shigo, saƙon murya. Na shiga bayan kicin na kara a kunne.

"Lafiya ƙalau, Malam. Yara suna jin daɗin karatu. Wannan ɗan'uwa naka da yake riƙe musu, Allah Ya saka masa da alheri, akwai tajwidi. Mamansu ma tsayawa take yi tana saurare."

Na sake saurara, sannan na sake. Wane ɗan'uwa? Mutum ɗaya ne kawai ke da mukullin ɗakinmu bayan ni.

Washegari da safe, bayan Yaya ya fita shago, na buɗe kwamfutar. Ga kiran nan an amsa, Litinin da Laraba, duka bayan na bar gida. Na zauna a bakin katifa na daɗe. Zuciyata ta fara haɗa mini labari, kuma komai ya zauna daidai. Yaran nan ba za su canza lokaci da kansu ba. Ke nan wani ya yi magana da ubansu, ya ce a matsa karatun zuwa sa'ar da ba na nan. Na tuna ranar da Yaya ya tsaya a bayana ina biya musu, ya ce, "Ashe haka ake yi da wannan abu." Na tuna ya taɓa ƙorafin idonsa ya fara gajiya da zaren keke. Maganganun da suka wuce ban ɗauke su komai ba, duk suka dawo da wata fuska.

Yanzu in na waiwaya, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ban tambaye shi ba. Muna kwana ɗaki ɗaya. Amma na ce a raina, in yana da gaskiya ai shi zai fara faɗa. Na zuba ido. Bai ce komai ba. Shirunsa da na saba da shi shekara da shekaru, a makon nan ya koma mini shirun mai ɓoye abu.

Na fara janye jiki. In ya dafa abincin rana ya ce, "Bismillah, ƙanena," sai in ce na ci a wurin aiki. Ya dube ni, ya ja farantin gabansa. Na lura shi ma ya canza. Yakan bi ni da wani irin kallo in ina sa takalmi zan fita, kamar zai yi magana, sai ya fasa. Wata rana ya ce, "Aikin naku ya yi yawa kwanan nan ko?" Na ce, "Kamar kullum." Ya ce, "To." Na fassara tambayar da cewa yana so ya tabbatar da lokacin fitata ne. Har na yi wa wani mai kantin kayan masarufi ɗan garinmu magana, ko ya san inda ake neman abokin haya.

Duk da haka kowace ranar karatu sai na zauna gaban kwamfutar bayan magariba, ina kallon gilashinta baƙi ƙirin. Yaya yana shago a wannan lokacin, bai taɓa ganina a zaune ba.

A mako na biyu na yanke shawarar in kama shi da idona. Na roƙi wani abokin aiki ya riƙe mini wurina na ɗan lokaci. Na fita kamar yadda na saba, na yi isha a wani masallaci na bayan layi, sannan na dawo. Na hau matakala a hankali. Tun kafin in kai ƙofa na ji muryarsa, yana jan aya a natse, da ƙananan muryoyi biyu suna bin sa. Na tsaya riƙe da mukulli. Karatun ya yi daɗi, kuma daɗin nasa ya ƙara mini zafi.

Na buɗe na shiga. Yana zaune a kan darduma, ya jingina kwamfutar da gwangwanin madara, ko hularsa ta masallaci bai cire ba. Ya ɗago ya gan ni, bai razana ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ga malaminku nan ya zo." Ya matsa gefe.

Ban zauna ba. Na ce, "Yaya, wa ya canza lokacin karatun nan?"

"Canzawa kamar yaya?"

"Ni bayan magariba nake biya musu. Wa ya mayar da shi bayan isha?"

Ya dube ni, ya dubi yaran. Babbar ta ce, cikin Hausarta mai tsalle-tsalle, "Malam, ba mu canza ba. Huɗu da rabi ne." Ta ɗago agogon hannunta ta nuna. Sai a sannan na lura da tagar da ke bayansu. Kullum in ina musu karatu rana tana nan tas a wannan taga. Yau kuwa duhu ya fara rufawa, har sun kunna fitila.

Na ce ta kira mini mamanta. Hajiya ta zo tana gyara mayafi, muka gaisa. Na ce, "Hajiya, ni fa kullum ina zama bayan magariba ina jiransu, ba sa kira."

Sai ta dafe baki. "Wai ku can ba a mayar da agogo baya?"

Ban gane ba, sai da ta yi mini bayani. A ƙasar, in sanyi ya gabato, akan mayar da agogon kowa baya da awa guda, in zafi ya dawo a sake tura shi gaba, don a ci moriyar hasken rana. Wayoyinsu da kansu suke gyarawa, mutum ya kwanta ya tashi ya tarar an yi. Su dai huɗu da rabi suka sani, ba su kawo a ransu cewa namu agogon yana nan inda yake ba. Ta yi ta ba da haƙuri. Ta ce sun zaci aiki ne ya riƙe ni na wakilta ɗan'uwana, shi ya sa ba su ce komai ba.

Ni da na tashi ina auna yini da kiran salla, ban taɓa jin cewa hukuma za ta iya cewa gobe ƙarfe biyar ta zama huɗu, kowa kuma ya yarda ba.

Da aka kashe kiran, Yaya ya naɗe dardumarsa a hankali.

"Kana zama kana jiransu?" ya ce.

"Kullum."

Ya girgiza kai. "Ni kuma na dawo daga masallaci in ci abinci, na tarar abin nan yana ta kuka, ba kowa. Na ɗauka don in ce ba ka nan, sai na ga yara sun buɗe Alƙur'ani suna jira. Ban iya sallamarsu ba. Na zaci ka gaji da su ne, ka karɓi amana ka yar. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Na ce bari in rufa maka asiri wurin ubansu har ka dawo hankalinka. Da ka daina cin abinci da ni, na ce kunyar abin da kake yi ce."

Na ce, "Ni kuma na zaci ƙwace su kake so ka yi."

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ni?" Kalma ɗaya ke nan. Sannan ya tashi ya ɗora shayi, ya ɗauko kofi biyu.

Abin bai warke a ranar ba. Mun yi kwanaki muna magana da taka-tsantsan, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya iya zato a kansa. Sabon lokacin ya ci karo da aikina, yaran kuma ba za su iya dawowa makaranta da wuri ba, don haka da bakina na roƙe shi ya riƙe su har sanyi ya wuce. Sai da ya sa na maimaita roƙon a gaban Alhaji ta waya kafin ya amince. Da agogonsu ya sake matsawa gaba, shi ya tuna mini, ya miƙo mini kwamfutar ya ce, "Ga ɗalibanka."

Abin da na koya shi ne, zato ba ya buƙatar ƙarya kafin ya yi ɓarna. Duk abin da na gani gaskiya ne: an amsa kira, an yi karatu, an yi mini shiru. Shi ma duk abin da ya gani gaskiya ne. Fassarar ce kawai kowannenmu ya ƙirƙira shi kaɗai, alhali tsakanin katifata da tasa bai fi taku biyu ba. Tun daga lokacin, in raina ya fara shirya mini labari a kan wani, ba na bari ya kai ƙarshe. Nakan je in zauna gabansa in ce, "Ɗan'uwa, me ya faru?"