Lemu da Kindirmo a Gidan Kaka

Takalman Inna na fara gani da na shiga gidan Kaka a Shagari. Suna ƙofar ɗaki, an jera su da kyau, ƙura ta kwanta a kansu, har tururuwa sun yi hanya ta cikin na hagu. Sai na gane ta daɗe ba ta fito tsakar gida ba.

Sati uku ke nan da Kawu, ƙanin Inna, ya ɗauko ta daga gidanmu na Boɗinga ya kawo ta wurin mahaifiyarta jinya. Ni an bar ni saboda makaranta, sai ran Juma'ar nan Baba ya yarda na zo in kwana biyu. Bazara ce, irin wadda ko tabarma ka taɓa sai ka ji ta da ɗumi.

Na same ta kwance, Kaka na yi mata fifita. Zoben da ke yatsanta an naɗa masa zare don kada ya zame. A gefe akwai kofin kunu da ya yi fata a sama, ba a taɓa ba.

"Kwana huɗu ke nan ba abin da ka zama cikinta sai ruwa," in ji Kaka. "Likita ya ce in ba ta ci ba maganin ba shi aiki. Ke 'yar boko, ko kin zo muna da dabara?"

Na sunkuyar da kai. Amma ina da ita, a cikin jakata: lemu shida da na saya a bakin tasha. A gida, duk ranar da zafi ya kai mana wuya, Inna takan haɗa mana lemu da nono, ya yi kauri, ya yi launin gwaiduwar ƙwai, ta sa kwanon cikin randa ya yi sanyi. Na sha shi sau ba adadi. Ban taɓa tsayawa na ga yadda take yi ba, kullum ina gefe da littafi sai an miƙo mini kofi.

Da safe wata Bafulatana mai kawo wa Kaka nono daga wajen Kajiji ta zo da ƙwarya biyu, ɗaya kindirmo, ɗaya madarar da aka tatsa da asuba. Na zaɓi madarar. A ganina marar lafiya sabon abu ya kamata a ba shi, ba wanda ya kwana ba. Na tafasa ta, na bari ta ɗan huce, na yanka lemu uku na matse su gaba ɗaya a ciki.

Ina kallo ta tsinke. Ta yi gudaji-gudaji, wani ruwa tsararo ya taso sama, 'ya'yan lemu suna yawo a kai. Na juya, na sake juyawa, abin sai ƙara lalacewa yake. Na zauna a bakin murhu da kwanon a cinyata, hawaye na ɗiga a kan hijabina.

Kaka ta leƙo. "Mi an nan? Wanga awara ce ko magani? In kashe mani ɗiya kika zo yi, ki hwaɗa mani tun da wuri!"

Sai muka ji dariya daga ɗaki. Ƙarama ce, tari ya biyo bayanta, amma dariyar Inna ce. Kaka ta tsaya cik da mafici a hannu.

"Kawo in gani," in ji Inna.

Na kai mata. Ta duba, ta girgiza kai. "Madara ba ta son tsami, 'yar nan. Kindirmo za ki sa, shi ya riga ya yi tsaminsa. Ɗauko maburgi ki zauna nan inda nake ganin hannunki."

Daga kwance ta koya mini, tana hutawa tsakanin magana da magana. In fara burga kindirmon shi kaɗai har ya yi laushi. In matse lemun a kofi daban, kada in matsa da ƙarfi har ɗacin ɓawon ya shiga. In tace a rariya. Sannan in riƙa zubawa ludayi ɗaya, in burga, ludayi ɗaya, in burga. Sukari kaɗan, da gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Gishirin ne ban taɓa sanin akwai shi a ciki ba.

Lemu biyu na sa, na ajiye ɗaya. Na rufe kwanon na saka shi a bakin randa, na zauna ina gadinsa har aka yi azahar.

Kaka ta tallafo kan Inna, ni na riƙe cokali. Ta sha ɗaya, ta rufe ido. Ta sha na biyu. Na ƙirga har bakwai kafin ta ɗaga hannu. Muka zauna muna jira mu ga ko zai zauna a cikinta ko zai dawo. Har la'asar bai dawo ba. Da magariba ta ƙara uku, ta ce sukarin ya ɗan yi yawa.

Wannan zuwan shi ne na ƙarshe da na same ta tana magana. Ban san haka ba a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne ta sha, kuma idon Kaka bai iya ganin 'ya'yan lemu balle ta tsince su.

Ran Lahadi da hantsi Kawu ya tayar da babur a ƙofar gida, zai mayar da ni Boɗinga don ranar Litinin muna da jarrabawa. Tun ina ƙarama ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma daga durƙushe nake yi ina kallon ƙasa. Ya ɗaure jakata a baya, ya ce in hau, rana na yi.

Ban hau ba. Na riƙe ƙarfen bayan babur ɗin, yana ƙona mini tafin hannu.

"Kawu," na ce, "don Allah ka kira Baba ka roƙar mini shi. A bar ni in ƙara kwana ɗaya, in haɗa mata na yau."